Suna Son Mutum-mutumi, Ba Sa Son Masassaƙi

A watan Afrilu na 2010, lokacin da Senegal ta cika shekara 50 da samun 'yancin kai, Shugaba Abdoulaye Wade ya gayyato shugabannin ƙasashe zuwa Dakar don buɗe wani katafaren mutum-mutumi na tagulla da aka kafa a kan tudu, yana fuskantar Tekun Atlantika. Tsayinsa mita 49. Ƙaton namiji ne ƙirji a waje, ya ɗaga yaro da hannu ɗaya, ya rungumo mace da ɗayan, aka ce alamar farfaɗowar Afirka ke nan. Kuɗin da aka bayyana dala miliyan 27 ne, a garin da talaka ke fama da ɗaukewar wuta da ambaliyar damina. Waɗanda suka ƙera shi ma'aikatan Mansudae ne, kamfanin gwamnatin Koriya ta Arewa da ya saba zuba siffofin shugabannin ƙasarsa. Wade kuma ya fito fili ya ce kashi 35 cikin 100 na kuɗin da masu ziyara za su biya haƙƙinsa ne, tunda tunanin daga kansa ya fito.

A cikin wannan gari na Dakar, a wannan lokaci, akwai wani dattijo mai suna Ousmane Sow. Shekara 11 kafin nan, a 1999, an jera ayyukansa a kan wata gada da ke tsakiyar birnin Faris, mutum kusan miliyan 3 suka je kallo. Da shi aka fara maganar aikin tudun, suka saɓa da Wade, ya janye hannunsa. Aka tsallake shi, aka tsallake masassaƙan Afirka baki ɗaya, aka je Pyongyang aka ɗauko masu zuba tagulla su zo su nuna wa duniya cewa Afirka ta farka. Ba Senegal kaɗai ba. Wannan kamfani ne ya yi filin tunawa da mazan jiya na Namibiya, shi ya yi sarakuna uku na Gaborone a Botswana, shi ya yi mutum-mutumin Samora Machel da ke tsaye a Maputo, har sai da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta sayen mutum-mutumi daga Koriya ta Arewa a 2016.

Wannan abu yana ƙona mini rai, kuma dalilin ba wai kishin ɗan gida kawai ba ne. Masu mulkinmu suna son abu mai tsayi da za a yanke ƙyalle a gabansa, amma ba sa son mutumin da zai tsaya ya ce musu ga abin da yake nufi da aikinsa, ga inda ba zai lanƙwasa ba. Masassaƙi na gaske yana da ra'ayi, yana da gardama, yana ɗaukar lokaci. Ɗan kwangila ba shi da ko ɗaya. Shi ya sa kullum ɗan kwangila ke samun aikin.

Me Sow yake nema a aikinsa? Shekaru da dama ya yi a Faransa da Senegal yana aikin gashi da motsa gaɓoɓin marasa lafiya, sai da ya kai shekara 50 sannan ya ajiye wannan sana'a ya rungumi sassaƙa gaba ɗaya. Hannunsa ya san jikin ɗan Adam a lokacin da yake ciwo, ya san yadda tsoka ke ɗaurewa idan mutum ya yi yunƙuri, ya san yadda kafaɗa ke sauka idan ƙarfi ya ƙare. Ba ya zaunar da kowa a gabansa ya kwaikwaya. Yakan ƙulla ƙarafa ya yi ƙashi, ya cusa ciyawa da tsumman buhu, sannan ya shafe da wani haɗi na ƙasa da danƙo da ya tsuma da kansa, wanda bai taɓa bayyana sirrinsa ba. Fatar mutanensa kaushi gare ta, da tsage-tsage, kuma da gangan ya bar ta haka. Ya fara da 'yan kokawar Nuba na Sudan, ya yi Masai, ya yi Zulu, ya yi Fulani a 1993, sannan ya tsallaka Amurka ya yi yaƙin Little Big Horn na 1876, inda 'yan asalin ƙasar suka karya rundunar sojan Amurka da Custer ke jagoranta. Duk waɗannan mutanen da ya zaɓa waɗanda ake ƙoƙarin shafewa ne amma suka ƙi kwanciya. A wurinsa mutuncin mutum yana cikin jikin da ya sha wuya kuma bai faɗi ba. Ka ɗora wannan tunani kusa da sulɓaɓɓen ƙaton da ke kan tudu, wanda babu alamar ya taɓa jin yunwa ko ya taɓa ɗaukar kaya, za ka gane abin da Senegal ta yi asara. A 2013 Faransawa suka shigar da Sow cikin babbar majalisarsu ta masu fasaha, shi ne baƙar fata na farko da ya shiga. Ya rasu a 2016.

Mu ma a Najeriya ba mu da bakin yi wa Senegal gori. A watan Oktoba na 2017 Gwamna Rochas Okorocha ya kafa mutum-mutumin Jacob Zuma, shugaban Afirka ta Kudu na lokacin, a Owerri, a jihar da 'yan fansho ke kukan bashi. Wata huɗu bayan nan jam'iyyar Zuma ta tilasta masa sauka daga mulki. A wannan wata na Oktoba kuma aka buɗe wani aiki na tunawa da mawaƙi Fela a shataletalen Allen da ke Ikeja, wanda Abolore Sobayo ya yi. Ya bar shi ba kai, hannuwa a sama, sanye da irin matsattsun kayan da aka san mawaƙin da su. Jama'a suka yi ca, wasu suka ce an ci mutuncin mamaci. Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi dalili, alhali a fili yake cewa mai aikin ya guje wa hoton fuska ne domin tsayuwar ta yi magana, tsayuwar mutumin da aka daka aka ɗaure bai sauke hannu ba. Kana iya cewa bai dace ba, wannan haƙƙinka ne, amma sai ka fara jin abin da ya nufa. Ba a yi shekara uku ba aka cire aikin don a gyara mahaɗar hanya. Gwamna ɗaya ya kafa don a yaba masa, wani ya cire don motoci su wuce, shi kuwa mai aikin ba shi ne abin dubawa ba a farko ko a ƙarshe.

Kuma wannan ƙasa ce da ta haifi Ben Enwonwu. An haife shi a Onitsha a 1917, mahaifinsa masassaƙi ne, a hannunsa ya fara riƙe gizago kafin ya je makarantar Slade a Landan. Duk rayuwarsa yaƙi ɗaya ya yi, da baki da hannu: ya ƙi yarda a ajiye shi a layin baya. Turawan zamaninsa sun yaba wa Picasso da abokansa don sun ari fasali daga abubuwan rufe fuska na Afirka, suka kira wannan hazaƙa. Amma idan ɗan Afirka ya koyi zubin tagulla da ilimin ƙirar jiki irin na makarantunsu, sai su ce kwaikwayo yake yi, ya bar asalinsa. Enwonwu ya ga wannan ma'auni biyu, ya faɗe shi a taron marubuta da masu fasaha baƙar fata da aka yi a Faris a 1956, ya ci gaba da faɗa har ƙarshen ransa a 1994.

Amsarsa mafi ƙarfi ita ce Anyanwu, wadda ya yi tsakanin 1954 da 1955 don gidan tarihi na Legas. Mace ce ta tagulla, kanta da adon murjani irin na fadar Benin, hannuwanta a miƙe, jikinta yana sirancewa yana tafiya ƙasa har ya koma tsini, ta yadda mai kallo zai ga kamar tsirowa take yi daga ƙasa. Babu wanda ya san ƙirar jiki kamarsa a ƙasar a lokacin, da ya so ya yi mata ƙafafu da yatsu da ya yi. Ya ƙi ne saboda abin da yake so a gani shi ne tashi, tashin al'ummar da ke dab da karɓar 'yancinta. A 1966 Najeriya ta kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya kwafinta kyauta, tana can a New York. Da Sarauniya Elizabeth ta zauna masa ya yi mutum-mutuminta a 1957, sai wasu jaridun Ingila suka ce ya ba ta kamannin 'yan Afirka. Su laifi suka gani. Ni abin da na gani shi ne mutumin da sarauniyar da ke mulkin ƙasarsa ta zauna a gabansa, bai jingine idonsa ya ari na wani ba. A 1964 ya yi Sango, riƙe da gatari, a gaban ofishin hukumar lantarki da ke Marina. Dubi yadda ya yi tunani: an ce masa ga hukumar wuta, sai ya koma cikin tarihin Yarbawa ya nemo sarkin da suke dangantawa da tsawa. Yau da aka ba wani wannan aiki, ƙwan lantarki zai zuba da siminti ya shafa masa fenti.

Har a Ingilar ma bai tsira daga wulaƙanci ba. Jaridar Daily Mirror ta sa shi ya sassaƙa mata mutane bakwai na katako a farkon shekarun 1960, kowanne riƙe da buɗaɗɗiyar jarida. Suka ɓace shekara da shekaru, sai a 2012 aka tsince su a garejin wata makaranta a gabashin Landan. A 2013 aka yi gwanjonsu a kan fam dubu 361 da ɗoriya. Sai da kuɗi ya yi magana sannan jaridunmu suka tuna da shi, haka kuma aka sake yi a 2018 da aka sayar da zanensa mai suna Tutu a kan fam miliyan 1.2. Kowa ya haddace farashin. Ka nemi mutum goma da za su faɗa maka abin da ya sa Anyanwu ba ta da ƙafa, ka ga ko za ka samu.

Na san abin da ke zuciyar mai karatu Bahaushe tun da na fara, kuma ba zan kewaye shi ba. Malamanmu sun yi magana a kan surar abu mai rai, hukuncin sananne ne, ban zo in yi jayayya da shi ba, ba ni da wannan matsayi. Wanda ya ce ba zai sassaƙa fuskar mutum ba, ba zai ajiye ta a gidansa ba, ya tsaya a kan addininsa kuma ina girmama shi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a fake da wannan hukunci a yi watsi da sana'a sukutum, a mayar da duk mai riƙe da gizago ko yumɓu abin zargi, a ƙi sauraron abin da yake cewa. Sassaƙa ta fi fuska faɗi nesa ba kusa ba. Babban masassaƙin da ke raye a Afirka ta Yamma a yau, duniya ta san shi ne da ayyukan da babu fuska ko ɗaya a jikinsu.

El Anatsui nake nufi. Ɗan Ghana ne, an haife shi a Anyako a 1944, ya yi karatu a Kumasi, ya zo Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1975 ya koyar fiye da shekara 30. Sashen da ya shiga yana ƙarƙashin Uche Okeke ne, wanda ya tashi a Kafanchan, kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya a 1958, waɗanda suka ce wa malamansu Turawa ba za su jefar da zanen kakanninsu don sun shiga aji ba. Ke nan akwai igiyar da ta taso daga Zariya ta bi ta Nsukka ta isa manyan ɗakunan baje koli na duniya, mu da muke zaune a bakin rijiyar ba mu sani ba.

Aƙidar Anatsui mai sauƙin faɗa ce: mai fasaha ya yi aiki da abin da muhallinsa ya zubar masa. Bai aika Italiya a kawo masa farin dutse ba. Ya fara da farantan katako da 'yan kasuwa ke baje kaya a kai, yana ƙona musu alamomi da ƙarfe mai zafi. Ya yi aiki da fasassun tukwane, domin a wurinsa tukunyar da ta fashe ba ta gama amfani ba, ana niƙa ta a cuɗa da sabon yumɓu ya ƙara ƙarfi. Ya ɗauki zarto mai inji yana keta katako da shi, ya bar tabon haƙoran a fili, domin tsagar da injin ke yi ba tausayi tana tuna masa yadda aka yayyanka Afirka a taron Berlin na 1884 zuwa 1885. Ya tara murafen gwangwanin madarar Peak, ya tara tsofaffin magogin rogo na masu yin garin kwaki ya gina bango da su. Sai a ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhun murafen kwalaben barasa da aka yar a jeji kusa da Nsukka. Ya daɗe da su a ɗakin aikinsa kafin ya gano abin da zai yi: a baje su, a huda, a ɗinke da wayar jan ƙarfe, dubu bisa dubu, har su zama wani shimfiɗeɗen abu mai ƙyalli da ke iya rufe fuskar bene.

Wanda ya hango daga nesa zai ce ado ne. Matso kusa ka karanta sunayen da ke jikin murafen. Barasa tana cikin kayan da jiragen Turawa suka riƙa saukewa a gaɓar tekunmu suna karɓar mutane a madadinta, mutanen nan kuma su aka kai gonakin rake a tsallaken teku suka noma abin da aka sake dafa wata barasar da shi. Wannan tarihi ne yake ɗinkewa da waya, kuma kowane murfi ya bi ta hannun wani kafin ya iso gare shi, sannan ya bi ta hannun samarin Nsukka da ke taya shi aiki. Wani abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, idan ya aika aiki gidan baje koli ba ya haɗawa da umarnin yadda za a rataye shi. Masu wurin su lanƙwasa shi yadda suka ga dama, gobe a wani gari ya fito da wata siffa dabam. Ya yi imani cewa aiki bai kamata ya daskare a siffa ɗaya ba, tunda rayuwa ma ba ta daskarewa. Wannan mutum ne da ya zauna ya yi tunani a kan iko, har ya sallama wani ɓangare na ikonsa a kan abin da ya yi da hannunsa. A 2015 aka ba shi Zakin Zinariya na bikin fasaha na Venice saboda aikin rayuwarsa, a 2023 ya cika babban zauren Tate Modern a Landan. Shekarun da ya yi a ƙasar nan sun fi na yawancin masu karanta wannan shafi, amma a wane shataletale, a wane filin jirgi, a wace majalisa a Najeriya talaka zai tsaya ya ga aikinsa?

Yanzu mu dawo gida, inda abin ya fi yi mini zafi. A 2017 aka gina wani dogon gini na tunawa da cikar Jihar Kano shekara 50 a shataletalen gidan gwamnati. Kaltume Gana ce ta zana shi, 'yar ƙasa, mai fasaha, kuma ta ɗauko fasalinsa daga ginin gargajiya na Hausa. Babu surar mutum ko dabba a jikinsa. A watan Yuni na 2023, makonni kaɗan bayan sabuwar gwamnati ta hau, aka turo katafila cikin dare, gari ya waye babu shi. Aka ce ba shi da inganci, aka ce ya tare ƙofar gidan gwamnati, sannan sakataren gwamnatin jihar na lokacin ya ce akwai alamar gicciye a jikinsa. Ba Kwankwasiyya nake yi wa magana ba, ba kuma Gandujiyya ba, rigimarsu ta ishe su. Tambayata ɗaya ce: matar da ta zana shi tana raye, ana iya samunta, me ya hana a kira ta kafin a rushe? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan gini ne ba ƙarfi, injiniya ya auna ya rubuta a gani. Idan layuka ne suka gitta juna, to dagin da ke jikin rigunanmu da ƙofofin fadojinmu da me aka yi shi in ba layukan da suka gitta juna ba? Daga baya gwamna ya gana da ita, aka yi alkawarin sake ginawa a wani wuri. Wannan ganawar kafin katafila ya kamata a yi ta. Kuma jefa kalmar addini a kan aikin 'yar Musulmi a gari kamar Kano ba ƙaramin abu ba ne, kowa ya san abin da irin wannan magana ke iya haifarwa.

Abin takaicin shi ne mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, sassaƙa ce da mutum ke shiga cikinta ya yi sallah. Da tubali da azarar giginya ya tayar da ginshiƙai, ya jera azara hawa-hawa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasa da ita, har bakan gizo ya haɗu a sama ya ɗauki tulluwa. Sannan ya bi jikin ginshiƙan da hannu tun ƙasa tana ɗanya, ya fitar da zane mai tudu da kwari wanda haske ke wasa a kansa daga safe zuwa la'asar. Wannan mutum ya yi tunani a kan nauyi da sarari da inuwa, tambayoyin da kowane masassaƙi a duniya ke fama da su, kuma ya amsa su ba tare da ya suranta ko ƙuda ba. Sai da wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya zo ya auna shi, aka yi kwafinsa a gidan tarihi na Jos. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu da rahama. Ginin ƙasa yana son a bi shi kowace shekara da yaɓe, da makuba, da laso, kuma masu wannan ilimi tsufa suke yi ba magada. Yaro nawa ne a yau zai iya haɗa laso daga katsin marina? Mun bar zankwaye suna zubewa, muna liƙa ginshiƙan faiba irin na Rumawa a ƙofar gida muna jin mun waye.

Ko masassaƙin turmi da ke bakin kasuwa ya san abin da nake faɗa. Ba ya sa gizago sai ya juya gungumen ƙirya ko kaɗanya, ya ga inda jijiyar itacen ta bi, ya san inda zai tsage idan aka matsa masa. Ƙugun turmin da yake fitarwa ba don daka kaɗai ba ne, akwai abin da idonsa ke nema, kuma idan bai samu ba zai ce maka bai yi kyau ba ko da turmin zai yi shekara 30 yana aiki.

Kafin su duka akwai mutanen Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono kawunan yumɓu a kudancin Kaduna ta yau. A 1943 aka kai wa wani masanin kayan tarihi mai suna Bernard Fagg wani kai daga Jama'a, wanda aka ɗora a gonar doya yana korar tsuntsaye. Binciken da masana daga Jami'ar Frankfurt suka yi tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tun daga 2005 ya nuna al'adar ta faro kusan shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Masu yin su sun gina su da rami a ciki, suka huda ido da hanci da baki, hudar da ke ba iska mai zafi hanya kada aikin ya fashe a wuta, kuma ita ce ke ba fuskar wannan kallo mai ratsa mutum. Sun sa kai ya yi wa jiki girma da gangan. Ba su bar mana rubutu ba, aikin ne kawai bayaninsu, da wurin da aka binne shi da abin da ke kusa da shi. A shekarun 1990 aka afka wa wuraren nan da diga da shebur, har da Kwatarkwashi da sassan Katsina da Sakkwato, aka kwashe aka fitar ta kan iyaka. A 2000 wasu daga ciki suka bayyana a gidan tarihi na Louvre a Faris. Duk kan da aka fizge daga raminsa ba tare da masani ya rubuta yadda ya same shi ba, an toshe bakin wanda ya yi shi har abada. 'Yan uwanmu ne suka yi haƙar, a kan kuɗin da bai kai na buhun masara nawa ba.

Su ma masu sana'ar ba zan ƙyale su ba. A Samaru akwai sashen koyar da fasaha na Jami'ar Ahmadu Bello, da lambun da ɗalibai suka cika da ayyukansu shekara da shekaru. Daga nan ake yaye mutanen da suka san zubi da walda da yumɓu, waɗanda suka karanta Enwonwu da Anatsui. Amma da yawansu idan shugaban ƙaramar hukuma ya kira su ya ce a yi masa ƙwarya ko tulu na faiba a shataletale kafin ranar buɗewa, sai su karɓa su yi shiru, su zuba abin da rana za ta ƙone fentinsa kafin damina biyu, ko sunansu ba sa sawa a jiki don sun san abin kunya ne. Na san yunwa gaskiya ce, na san akwai iyali. Duk da haka wanda ya karɓi irin wannan aiki ya taimaka wajen koya wa jama'a cewa iyakar sana'ar ke nan. Malamansu kuma suna rubuta maƙaloli da Turanci don ƙarin girma a wurin aiki, suna karanta wa junansu a ɗakin taro. Yaushe rabon da wani farfesan sassaƙa ya shiga gidan rediyo a Kano ko Kaduna ko Damagaram ya yi awa ɗaya da Hausa yana bayyana wa mai shayi da ɗan acaɓa dalilin da ya sa aka huda idon Nok, ko yadda bakan gizo ke ɗaukar nauyin soro? Su je su zauna da Sarkin Magina da sauran dattawan da suka rage, da na'urar ɗaukar magana, tun suna da rai. Su je majalisun jihohi su nemi a kafa doka cewa duk aikin da za a kafa a bainar jama'a sai an yi gasa a fili, sai an rubuta sunan mai shi da bayaninsa da Hausa a jikinsa, kuma ba za a rushe shi ba sai an kira mai shi ko magadansa an saurare su a gaban shaidu.